Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Cinikin Masu Ƙaramar Sana'a

Abin da ya kawo ni gabanku yau shi ne sha'anin masu ƙaramar sana'a na gundumominku, musamman mata masu matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli.

Kayansu dai ba shi da makusa. Amma akan ɗura man a tsohuwar kwalba, ba suna, ba alama, ran kasuwa dillali ya saye da araha, ya kai Kano ya sayar da tsada. Wanda ya saya ya ji daɗinsa kuwa ba shi da hanyar komawa wurin mai shi, gama bai san ko wace ce ba. Nan ribar take zubewa.

Saboda haka ina roƙonku ku hore su su raɗa wa kayansu suna, su manna takarda mai lambar waya, su kuma tsaya a kan awo ɗaya, kada kwalbar yau ta kasa ta jiya. Wadda ke so manyan kantuna su karɓi kayanta sai ta nemi rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don duba abinci da magunguna. Malamai, a nan ake bukatarku, gama cika takardun nan shi ke karya gwiwar yawancinsu.

Talla kuma ba lalle sai yarinya ta ɗauki faranti ta bar makaranta ba. Hoton kaya a WhatsApp yana shiga gidajen da ƙafarta ba za ta kai ba.