Mazan jiya da haƙƙin rauni: tabo ba ya magana, takarda ce shaida



Daga ƙasar Maradi, Faransa ta ɗebi samari zuwa yaƙin duniya na biyu, da Andoshin, da Aljeriya. Da yawa sun komo da rauni ko ciwo. Dokar Faransa ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da panshon sojojin ƙasashen da suka samu ƴancin kai. Na Bafaranshe yana hawa, na ɗan Nijar yana tsaye. Sai a Nuwamba 2001 babbar kotun mulki ta Faransa, a shari'ar Amadu Diop, tsohon saje ɗan Senegal, ta yanke cewa wannan wariya ce. Hukuncin ya tarar da shi a kabari. An daidaita kuɗin rauni a 2007, sauran pansho kuma a 2011, amma wani kaso sai wanda ya rubuta ya nema.

To, ina gizo ke saƙar? Dokar ba ta biyan tabo don an gan shi. Sai an tabbatar cewa a bakin aikin soja aka same shi. Raunin da likitan soja ya rubuta kafin a sallami mutum, doka na ɗaukarsa na aiki ne. Ciwon da ya ɓullo bayan shekaru, kamar tari ko kurumta, mai nema ne zai kawo hujja.

Saboda haka, kada ku yar da littafin soja na tsoho, ko da gara ta ci gefensa. Lambar da ke ciki ita ce mabuɗi. Tarihin aikinsa yana ajiye a garin Pau, takardun asibitin soja kuma a Limoges. In an ƙi biya, tun Nuwamba 2019 akwai hukumar ɗaukaka ƙara da ake fara kai wa kuka cikin wata 6, kafin kotu. Matar marigayi ma tana iya neman nata rabo.

Rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024 ya ƙara wa tafiyar nisa. Don haka ku ma'aikata, ku ara wa tsofaffi alƙalaminku. Ku ƴan kasuwa, ku kai labarin ƙauyuka ranar kasuwa. Wannan kuɗi ba sadaka ba ne, bashi ne da aka ci da jini.