Ranarmu ta Ƙarshe a Ankara

Jawabin da 'yan tawagar yawon buɗe ido zuwa ƙasar Gana suka gabatar a taron ƙungiya, nan Assakio



An ce mu ba da labarin tafiyarmu. To, mu 14 ne, kwana 7 muka yi, in muka ce sai mun kwashe komai, magariba za ta same mu a nan. Mun shiga kasuwar Kejetia ta Kumasi, mun ga teku, mun shiga tsohon ginin Elmina wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda daga baya aka riƙa tsare bayi kafin a zuba su cikin jirgin ruwa. Amma mun shawarta tsakaninmu cewa ranar ƙarshe za mu kawo muku, domin ita ce ta shafe mu kai tsaye.

Ranar Juma'a ce, muna Ankara. Ba ta Turkiyya ba fa, Accra muke nufi, haka Hausawan can suke kiranta tun zamanin kakanni. Da safe jagoranmu ya kai mu kabarin Kwame Nkrumah, a filin da ya yi shelar samun 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957. Muka yi hotuna, muka fito. Gaskiyar magana, hankalin kowa yana kasuwar Makola, don ga ragowar sidi a aljihu, ga tsarabar yara ba a saya ba. Sai jagora ya ce saura wuri guda a cikin tsari. Har da masu gunaguni.

Shi wannan jagora saurayi ne ɗan ƙabilar Ga, wato masu garin, kuma Kirista, amma yana jin Hausa irin ta zango. Ya sa direba ya tsaya a wata unguwa ana ce mata Sabon Zango. Muna sauka, sai ka ce Sabon Pegi ta Lafiya muka shiga: ga mai koko da ƙosai, ga mahauta, ga almajirai da alluna, ga sallama ta ko'ina.

Nan ya tsaya bakin titi ya kwararo mana tarihi, ba tare da duba takarda ba. Ya ce goro ne ya fara kai Hausawa wannan ƙasa, wato fataucin Gwanja, kuma Salaga ce babbar kasuwarsu, har yaƙin basasa na 1892 ya watsa ta, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da sauran garuruwa. A Kete-Krachi ne Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har ya rasu a 1934. Ita kuwa Sabon Zango, Malam Baƙo ne ya kafa ta wajen 1912, ɗan Malam Na'inno mutumin Katsina, bayan ya karɓi filin daga hannun sarakunan Ga. Har wata Ba'amurkiya, Deborah Pellow, ta rubuta littafi sukutum a kan unguwar, ya fito a 2002.

Da ya gama sai ya juyo ya ce, “To ku fa, iyayena, wane Bahaushe ne ya fara sauka a garinku? A wace shekara? Wa ya ba shi wurin zama?”

Jama'a, wallahi shiru muka yi. Can sai ɗayanmu ya ambaci wani gida, wani ya ce a'a, kakansa ne ya riga zuwa, na uku ya ce shi dai ya ji an ce mahauta ne. Amsa uku, babu wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta, kuma babu wanda ya iya faɗin shekara. Yaron da ba Bahaushe ba ya san tarihin Hausawan garinsu, mu kuwa da furfurarmu ba mu san namu ba. Ya yi murmushi, bai ce komai ba, amma kunyar ta ishe mu.

Kafin mu bar unguwar, muka shiga gaida wani dattijo a zaurensa. Shi ne ya tuna mana watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Ya ce akwai waɗanda a can aka yanke musu cibiya, amma da yake ba su da wata shaida a hannu, sai suka sayar da kayansu a wulaƙance suka hau mota. Ba mu iya yin ƙorafi ba, domin mu ma a 1983 Nijeriya ta kori 'yan Gana masu ɗimbin yawa.

Mun san namu ba irin nasu ba ne. Mu 'yan ƙasa ne, tsarin mulki ya ba mu ikon zama ko'ina a Nijeriya. Amma wanene cikinmu bai sha wahalar nema wa ɗansa takardar shaidar asali ba? Kuma wa ya manta 2012 da 2013, lokacin da rikici ya ci gidaje a garin nan, mutane suka gudu da kayan jikinsu kaɗai? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Daga nan muka wuce sallar Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka gina da taimakon Turkawa, aka buɗe a 2021. Jagoranmu ya jira mu a waje. Da muka fito ya ba mu labarin yadda Babban Limamin Gana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda shi ma jinin Hausawa ne, ya kai ziyara cocin Katolika na Christ the King a 2019, yana da shekara 100. Ya ce tun daga ranar mahaifiyarsa take ganin girman mutanen zango. Kun ji yadda ake zama da masu gari.

Makola dai sa'a guda muka samu. Da dare muka haɗa ɗan tukwici muka ba jagora da direba, aka yafi juna. Da asuba muka kama hanyar Aflao, Lome, Kwatano, Seme, sai Legas.

Saboda haka tsarabarmu ga ƙungiya shawara ce guda uku. Na ɗaya, a naɗa matasa su bi dattawanmu gida-gida, maza da mata, su ɗauki maganarsu a waya, sa'an nan a rubuta, tun ba mu rasa su ba. Na biyu, kowane magidanci ya tattara takardun gida da na gona da na haihuwar 'ya'yansa, a yi kofe, a ajiye ɗaya wurin ɗan'uwa a Lafiya ko wani gari. Na uku, idan an gama, mu ɗauki abin da muka rubuta mu kai gaisuwa fadar Osakyo, mu roƙi dattawan Alago su faɗa mana abin da iyayensu suka gaya musu game da zuwanmu. Tarihin da aka ji daga baki ɗaya, gardama yake haifarwa.

Mu 14 ɗin nan mun ɗauki nauyin littafin rubutu da man babur na wata ukun farko. Wanda yake da tsoho a gida, ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.