Jawabin 'yan kayan babur a taron zagayowar shekara: wayar batir

Shugaba, malamanmu, alhazai da hajiyoyi, iyayenmu da suka ga tashin tsohon Zango daga cikin gari a 1977 har muka kafu nan Agoè, muna gaishe ku. Allah ya maimaita mana.

An ba mu, mu masu sayar da kayan babur, 'yan mintuna, sai muka zaɓi maganar wayar batir. Mun ga wasu na murmushi. To, a daminar bana babur ɗin wani yaronmu ya kama da wuta kusa da Tsévié, da atamfar mutane ɗaure a baya. Yaron ya tsira, alhamdu lillahi, kayan kuwa har yau ana biya. Da aka duba, jar waya ce aka sa mai tsawo, ta yi ta gogar firam har robarta ta cinye. Wannan wayar, daga batir zuwa makunnin sitata, ba fiyus a kanta. In ta taɓa ƙarfe, sai wuta.

Batirin baburanmu, Haojue ne ko Sanya ko Boxer, bolt 12 ne kacal, amma sitata na zuƙar wuta da yawa lokaci guda. Siririyar waya ba ta iya ɗauka. Za ka ji ƙyas-ƙyas, injin bai juya ba, ka zargi batir, ka sayi sabo, gobe a koma gidan jiya. Mai kik zai ce ina ruwansa, sai ran da babur ya mutu masa a cunkoson Aflao da lodi har wuya.

Babbar matsalar ita ce wayar da ake kawowa da sunan jan ƙarfe alhali alminiyon ce aka shafa wa launi. Alminiyon ba ya wuce da wuta sai wajen kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi, kuma yana karyewa da girgizar hanya. Iskar teku ta Lome mai gishiri ma ba ta raga masa. Gane shi ba wuya. A fere roba, a kankare zare ɗaya da wuƙa: in cikinsa fari ne, a ajiye. Ko a kara masa ashana, alminiyon zai lanƙwashe ya narke, jan ƙarfe kuwa baƙi kawai zai yi. In mayen ƙarfe ya kama zaren, wannan baƙin ƙarfe ne ma. Kada kaurin roba ya ruɗe ku, a dubi bakin wayar inda aka yanke.

A tafi kasuwa da tsohuwar wayar a hannu. Sabuwar kada ta fi ta siranta, tsawo kuma daidai da ita, in za a yi kuskure a yi shi wajen kauri. Kan wayar a matse shi da abin matsewa, ramin ya dace da notin batir, a shafa ɗan giris. Murɗa zare a jikin noti da wasu yara ke yi ba gyara ba ne. Baƙar waya ma haka, inda ta kama injin a goge tsatsa tas. Wajen cirewa a fara da baƙa, wajen mayarwa a ƙare da ita.

Sauran maganar tamu ce, mu masu shago. Kayanmu na zuwa Cinkassé, suna tsallaka Hillacondji, kuma ɗan zemijan da wayarmu ta ƙona wa babur ba zai ce kamfanin waje ya cuce shi ba, cewa zai yi 'yan Zango ne. Don haka mun yi shawara tsakaninmu: duk wanda ke da ta alminiyon a shago ya faɗa wa mai saye gaskiya, ya raba kuɗinsu. Mun kawo iri biyun, suna kan tebur bakin ƙofa tare da wuƙa da ashana, kowa ya gwada da hannunsa bayan an yi addu'a.