Bawul ɗin Taya: Jawabi Ga Masu A-kori-kura a Taron Zagayowar Shekara

  

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana kan motoci. Wasu na jiran mu taɓo kwastan da duwan, ko tsadar gas. Waɗannan suna da masu magana a kansu. Mu abin da muka zo da shi bai kai ɗan yatsa tsawo ba, wato bawul, ɗan bakin nan da ake ba taya iska ta cikinsa.

Kowa a nan ya san yadda muke loda a-kori-kura. Hilux ce za ta tashi daga Maruwa da buhunan albasa har sun haura kan direba, ko ta ɗauko siminti daga Figil, ko shinkafa daga Yagwa. Saboda nauyin nan muke sayen taya mai ƙarfi, mai fulayi 8 ko 10, mu sa a cika ta da iska. Taya mai fulayi 8 tana ɗaukar iska har 65 a ma'aunin da masu faci ke aiki da shi a Mubi da Yola, mai fulayi 10 kuma har 80. To amma bawul ɗin roba da mai faci ke zarowa daga gwangwaninsa, wanda ake rubuta wa TR413 a gindi, iyakarsa 65 ce. Na ƙananan motoci ne. Mutum ya kashe dubban sefa kan taya, ya bar rayuwarsa da dukiyarsa a hannun abin da aka yi domin tasi.

Ga kuma wani ruɗani da ya shafe mu musamman, mu masu tsallaka iyaka. A wannan ɓangare ana auna iska da bar, wanda wasu ke ce wa kilo. A Najeriya da psi ake aunawa. Bar ɗaya ya kai psi 14 da rabi. Ke nan 65 ɗin can ita ce 4.5 a nan, 80 kuma 5.5. Direban da bai riƙe wannan lissafi a ka ba, duk abin da aka gaya masa a bakin hanya sai ya ce to.

Sai zafi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da albasa ke fita, zafin Garwa da Maruwa yana haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka. Iskar taya tana ƙaruwa idan ta yi zafi, roba tana bushewa tana tsagewa daga gindi, daidai inda ta shiga rim. Kowace gargada, kowane rami, lanƙwasa bawul ɗin yake yi. Da farko iska za ta riƙa zurarewa a hankali, taya ta yi laushi ƙarƙashin lodi, ta ɗau zafi, ta fashe, a ce ai tayar ce ba ta da kyau. Wani lokaci kuma bawul ɗin ne kan tsinke gaba ɗaya, iska ta fice cikin ƙiftawar ido. Wanda ya san hanyar Mora zuwa Waza da Kusiri ya san ba wurin tsayawa ba ne da magariba, balle da kaya a baya.

Me za mu saya ke nan? Duk motar da iskar tayarta ke wuce 4.5, a sa mata bawul mai jure matsi, irin TR600HP, mai jikin ƙarfe da gindin roba mai kauri, wanda ke kaiwa 5.5. Wanda ya fi shi, a ganinmu, shi ne na ƙarfe zalla mai noti, irin TR416, da ake ɗaurewa a jikin rim. Shi ma yana da nasa hali: ba ya lanƙwasa, don haka idan dutse ya buge shi a cikin mayo yana iya karyewa. A zaɓi gajere, kada ya leƙo waje da bakin rim. Kada a matse notin da ƙarfin tuwo, robar da ke ƙarƙashinsa za ta mutu.

A duba ramin rim kafin a saya. Iri biyu ne, ƙarami mai milimita 11 da rabi, da babba mai kusan 16. Ƙaramin bawul a babban rami zai zauna kamar ya yi, sai an hau hanya ya nuna halinsa. Masu Land Cruiser da ke kan rim mai zobe da tiyub, naku bawul a jikin tiyub yake, abin lura kawai ya fito a miƙe, kada ya karkace.

Duk ranar da aka sa sabuwar taya, ko ta gwanjo ce, a sa sabon bawul. A tofa yawu ko ruwan sabulu a bakinsa da gindinsa, in ya yi kumfa akwai yoyo. Murfi ba ado ba ne, shi ke hana ƙurar hunturu da laka shiga wurin 'yar allurar da ke ciki. Iska kuwa da safe ake auna ta, taya na sanyi. Yaran mota, da ku muke: idan an tsaya a Figil ko Mora kuka ji taya ta yi tauri don zafi, kada ku rage mata iska.

Muna da roƙo ɗaya ga shugabanni. Na kirki ba ko'ina ake samunsa ba, jabu kuma ya yi yawa. Ƙungiya ta sayo kwali guda daga dillali amintacce, a ajiye a ofis, kowane mamba ya saya a farashin sari, ya jefa biyu a aljihun mota tare da ma'aunin iska nasa na kansa. Mun miƙa wa ma'aji lambobin a rubuce, in an amince a sa cikin ajandar zama mai zuwa.