Kifinmu, Kasuwarmu: Jawabi ga Rassan Jam'iyya



Yau zancen kifi na kawo muku. Ana cewa Nijar ƙasar rairayi ce, amma Allah bai hana mu ruwa ba. Kogin Kwara ya ratsa ƙasarmu wajen kilomita 550, ya bi ta Yamai har Gaya. Ga tabkin Madarunfa kudu da Maraɗi, ga Tabalak a ƙasar Tawa, ga Gidimuni a ƙasar Damagaram, ga Komadugu da tabkin Cadi can gabas. Cikinsu akwai tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa.

To, me ya sa masunci ke kwana cikin ruwa, ya wayi gari da bashi? Dalili uku ne.

Na fari, koma da ƙugiya bashi yake karɓo su wurin ɗan kasuwa. Wanda ya ba ka koma kuwa, shi ke yanka wa kifinka kuɗi.

Na biyu, ɗanyen kifi ba ya jiran ciniki. Rana ta take, sai a sayar ko nawa aka taya. In an yi banda ba ta ƙyafu sosai ba, ƙwari su cinye ta cikin buhu tun ba ta kai kasuwa ba.

Na uku, laifinmu ne. Mai su da gidan sauro yana kwashe ƴaƴan kifi, ya ci na baɗi tun bana.

Ku tuna ruwa ba ya da alkawari. A 1963 faɗin tabkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye shi nesa da Ngigmi. A 2015, saboda rikicin Boko Haram, hukuma ta hana su da cinikin kifi a jihar Difa, ba a ɗage ba sai 2019. Wanda bai da ajiya, shi ya fi jin jiki.

Ga abin da muke roƙon kowane reshe. Ku tara masuntan garinku tare da sarkin ruwa, su kafa ƙungiya da asusu. Kowace ranar kasuwa kowa ya zuba abin da ya sawwaƙa, a sayi koma da kuɗin hannu. A sami sikeli guda, a riƙa sayarwa da kilo, kowa na gani. Mata masu banda su haɗu su gina murhu mai kyau wanda ba ya cin itace da yawa. Lokacin da kifi ke ƙwai, a rufe ruwa, kowa ya haƙura. Tabkin da ya yi ƙarancin kifi, a nemi ma'aikatan gandun daji su kawo iri a zuba. Ɗan lakwal da ya iya lissafi ya riƙe littafi, ya karanta shi gaban jama'a kowane wata.

Ƴan'uwa, tun 1960 tuta tamu ce. Saura guminmu ya zama namu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sakataren kowane reshe ya aiko mana da labarin abin da aka shirya kafin taro mai zuwa.

Allah ya taimake mu. Wassalam.