Ɗaukar Gyara Daga Reshe Zuwa Reshe: Abin da Ya Wajaba a Rubuta



Maganar da za mu yi yau ta shafi wani aiki ne wanda masu rubuta manhajar kwamfuta suke yi kullum, amma ba safai ake koyar da shi a aji ba, wato ɗaukar gyara daga wani reshe na manhaja a kai shi wani reshen. Abin da muke so mu nuna shi ne, wannan aiki bai kammala ba sai an haɗa shi da rubutaccen bayani: me aka ɗauka, me aka bari, don me, kuma wanda gyaran bai kai gare shi ba ina zai dosa.

Bari mu fara share fage, tun da yake ba dukanmu ne muke sashen kwamfuta ba. Babbar manhaja mutane da yawa ne suke rubuta ta, shekara da shekaru. Don kada aikin wani ya shafe na wani, sai aka ƙago tsarin adana tarihin canje-canje, kuma wanda ya fi shahara shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 saboda aikin Linux. Duk canjin da aka tabbatar akan ɗaure shi tare da sunan mai shi, da lokaci, da bayani, a ba shi wata doguwar lamba mai haruffa da alƙaluma 40. Za mu kira wannan ɗauri da sunan ƙulli. Kowane ƙulli ya san wanda ya gabace shi, kamar yadda ɗa ya san ubansa, ta haka ake samun salsala. In salsalar ta rabu biyu, to, an yi reshe ke nan.

Dalilin yin rassa a fili yake. A babban reshe ake sabon aiki, ana rushewa ana ginawa. Su kuwa jama'a suna amfani ne da fitowar da aka riga aka saki, ba sa son sabon abu kullum, abin da suke so a toshe musu ɓaraka kawai. Linux yakan fitar da sabuwar fitowa duk bayan mako 9 ko 10, amma akan ware wasu fitowar a yi ta kula da su shekaru. Wayoyin Android da ke aljihunmu a kan irin waɗannan tsofaffin rassa suke tafiya. Saboda haka in an gano ɓaraka aka toshe ta a babban reshe, sai wani ya ɗauko gyaran ya kai shi tsohon reshe kafin ya iso wayarmu.

Hanyoyin kai gyara iri biyu ne manya. Akwai haɗewa, inda ake kawo reshe ɗungurungum a zuba shi cikin wani, da tarihinsa duka. Akwai kuma tsince, inda ake zaɓo ƙulli ɗaya tak a liƙa shi a wani reshen. Masu tsarin Mercurial sun ara wa wannan aiki sunan da masu lambu suke kiran aurar da itace, kuma mu a ganinmu sun dace da suna, domin duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yi wa mangwaro aure ya san ba kowane tsiro ne yake kamawa a jikin kowace uwa ba.

Tsince yana da daɗin aiki, umarni ɗaya ne a gama, kuma wannan daɗin ne yake ruɗin mutane. Ƙullin da aka tsinto ba shi ne na asali ba. Lambar ƙulli ana lissafa ta ne daga abin da ke cikinsa har da wanda ya gabace shi, saboda haka da ya sauka a sabon reshe sai ya sami sabuwar lamba, kuma Git ba ya ajiye wata alama a salsala da za ta ce wannan ɗan'uwan wancan ne. Tsarin Subversion tun fitowarsa ta 1.5 a 2008 yake ajiye lissafin abin da aka ɗauka daga reshe zuwa reshe, amma a Git sai mai aiki ya ƙara harafin x a jikin umarnin, sannan a rubuta layi guda a ƙarshen bayani mai nuna lambar ƙullin asali. Wannan layi rubutu ne don mutum ya karanta. Git ba ya dubansa in ya zo haɗe rassa.

A nan ne muke so mu ɗan daɗe, domin akwai wani tarko wanda Raymond Chen, injiniya a kamfanin Microsoft, ya yi dogon bayani a kansa a 2018. Mu ɗauka akwai wani layi da ke cewa a jira daƙiƙa 10. Aka ga ya yi kaɗan, aka mai da shi 30 a babban reshe, aka tsinci wannan gyara aka kai ƙaramin reshe. Yanzu rassan biyu duk 30 suke cewa. Bayan wata guda aka gane gyaran kuskure ne, aka mayar da layin 10 a babban reshe, amma aka manta da ƙaramin. Ranar da aka zo haɗe rassan biyu, Git abu uku kawai yake dubawa: yadda layin yake a inda aka rabu, da yadda yake a ƙarshen kowane reshe. A inda aka rabu 10 ne. A babban reshe 10 ne, wato a ganinsa ba a taɓa shi ba. A ƙaramin reshe 30 ne, wato an canja. Sai ya zaɓi 30, ba tare da ƙorafi ko gargaɗi ba. Kuskuren da aka riga aka kore ya dawo ta bayan gida, kuma ba wanda aka faɗa wa. Na'ura ba ta yi laifi ba, abin da aka ba ta shi ta auna. Abin da zai ceci aikin shi ne a ce tun farko an rubuta inda aka kai wannan gyara, don mai janye shi ya bi sawunsa reshe-reshe.

Wata matsalar kuma ita ce dogaro. Gyara yakan jingina da wasu canje-canje da suka riga shi shiga babban reshe, waɗanda tsohon reshe bai taɓa gani ba. In an yi sa'a sai layukan su ci karo, Git ya tsaya ya ce a warware da hannu. In ba a yi sa'a ba sai gyaran ya liƙu sumul, alhali abin da ya dogara da shi babu. Liƙuwa lafiya shaida ce kawai cewa layukan da ke kewaye sun yi kama. Ba shaida ba ce cewa ma'anar ta zo tare.

Masu kula da tsayayyun rassan Linux, waɗanda Greg Kroah-Hartman yake cikin jagororinsu, sun san wannan sarai, shi ya sa suka rubuta ƙa'idojinsu baƙi da fari. Gyara ba zai shiga tsohon reshe ba sai ya riga ya shiga babban reshe. Kada ya wuce layi 100. Lalle ne ya kasance yana maganin wata matsala ta gaske wadda ta dami mutane. Mai aiko shi yana iya lissafa ƙullin da dole a fara ɗauka kafin nasa. In kuwa ya zama tilas a sauya fasalin gyaran don ya dace da tsohon reshe, wajibi ne a ambaci lambar ƙullin asali, a bayyana inda aka saɓa masa da dalilin saɓawar. Har ma in gyara ya ƙi liƙuwa, akan aika wa marubucinsa wasiƙa a sanar da shi, a nemi ya shirya wanda zai dace. Ku lura, yawancin waɗannan ƙa'idoji ba na fasaha ba ne, na rubutu ne, irin wanda duk akawun da ya iya riƙon fayil zai gane.

Su kuwa masu kula da Git kansa wata hanya suka bi. Shawararsu ita ce a yi gyara a kan reshe mafi tsufa da yake bukatarsa, sannan a haɗe shi zuwa sama, daga tsoho zuwa sabo. Ta haka ƙulli ɗaya ne yake yawo da lambarsa ɗaya, kuma ana iya tambayar Git waɗanne rassa ne suke ɗauke da shi ya ba da amsa daidai. Mu mun fi karkata ga wannan hanya ga ƙananan ayyuka irin na ɗalibai da na ofisoshi, inda rassa biyu ne ko uku kuma ba su yi nisa da juna ba. Sai dai tana da nata sharaɗi: dole mai gyara ya san tun farko tsufan matsalar, kuma in rassan sun yi shekaru da rabuwa, haɗewar kanta takan zama aiki ja. Wani lokaci kuma mafita ita ce a sake rubuta gyaran daga tushe don tsohon reshe, ko a kashe sashen da ke da ɓarakar, ko a fito fili a ce wannan reshe ba zai sami gyara ba, kowa ya ƙaura zuwa sabo. Ko wannan na ƙarshe amsa ce mai mutunci, muddin an rubuta ta inda masu amfani za su gani. Alal misali, an rufe reshen Linux 4.14 a watan Janairu 2024, an kuma sanar.

Don mu ga amfanin irin wannan rubutu a aikace, mu tuna da ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda take kulle sirrin saƙonni tsakanin mai lilo da shafukan intanet masu yawan gaske. Ɓarakar ta shigo da fitowa ta 1.0.1 a 2012, kuma tana ba ɓarawo damar zarar abin da ya kai kilobayit 64 daga ƙwaƙwalwar na'ura a kowace tambaya, wanda yana iya ƙunsar kalmomin sirri da mabuɗai. A ranar 7 ga Afrilu 2014 aka saki gyara a fitowa ta 1.0.1g. Sanarwar gajeriya ce, amma ta faɗi fitowar da abin ya shafa, ta kuma ba wanda ba zai iya sabuntawa nan take ba wata hanya, wato ya sake harhaɗa manhajar tare da kashe sashen da ke da matsalar. Tsofaffin rassa na 0.9.8 da 1.0.0 ba su bukaci komai ba, domin sashen bai taɓa shiga cikinsu ba.

Sai kuma ga wani ruɗani. Kamfanin Red Hat bai ɗaga masu amfani da shi zuwa 1.0.1g ba, ɗauko gyaran ya yi ya dasa a cikin 1.0.1e da yake rabawa, kamar yadda al'adarsa take. Saboda haka ma'aikacin da ya duba lambar fitowa kawai zai ga 1.0.1e ya ɗauka har yanzu ƙofa a buɗe take, alhali an toshe. Wani kuma mai 1.0.1e daga wani wuri zai ji an ce ta Red Hat lafiya take ya saki jiki, alhali tasa ba a taɓa ta ba. Abin da ya raba gardama shi ne sanarwar kamfanin da bayanin canje-canje da ke tafe da kunshin manhajar. Akwai kuma iyakar da gyaran bai iya ƙetarewa ba: toshe ɓaraka ba ya dawo da abin da aka riga aka sace. Dole sai da aka gaya wa masu shafuka su canja mabuɗansu, jama'a kuma su canja kalmomin sirri.

'Yan'uwa, da yawanmu nan gaba kaɗan za mu tsinci kanmu a ma'aikatu da bankuna da asibitoci, muna riƙe da manhajar da wasu suka rubuta suka tafi, wasunmu ma sun riga sun fara. Roƙonmu shi ne, duk ranar da ɗayanmu ya ɗauki gyara daga reshe zuwa reshe, ya rubuta a jikin ƙullin lambar asalinsa, da abin da ya sauya da hannu, da irin gwajin da ya yi a kan tsohon reshen kansa, ba a kan sabo ba. In akwai reshen da ya tsallake da gangan, ya ambace shi da suna, ya faɗi abin da masu amfani da shi za su yi kafin su sami damar ƙaura. Layi biyar ko shida sun isa, kuma a rubuta su a cikin tarihin manhajar, kada a bar su a saƙon waya wanda zai ɓace ranar da aka yi wa mai shi canjin wurin aiki.

Shugaba, a nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi.