Kafin Ku Ɗaure Kayan Zuwa Gida

 

Shugaban taro, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa da kuka taso tun daga Manchesta da Bamingam, da ku mutanen Landan masu masaukin baƙi, barkanmu da war haka. Allah ya ba da ladan zumunci.

An ce in yi magana a kan cututtuka masu yaɗuwa da haɗarinsu ga matafiya. Ga hutun makarantu ya ƙarato, na kuma san da yawanku an riga an yanki tikitin Kano. Ni ɗan Hotoro ne, don haka ku yi haƙuri, can zan yi ta komawa da zancen.

Baturen da zai je Afirka yawon buɗe ido, tun da sauran makonni zai je ya ga likita, a yi masa allurai, ya sayi maganin maleriya ya jefa a jaka. Mu kuwa sai mu ce ai gida za mu, wa zai sha magani don zai je gidan ubansa? To, a 2023 kaɗai an samu mutum sama da 2,000 da suka shigo ƙasar nan da zazzaɓin cizon sauro. Akasarinsu masu zuwa ganin dangi ne a Afirka, Najeriya ce kuma kan gaba. Mu ne ke nan.

Wanda ya tashi a Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi, sauro na cizonsa kowace damina, jikinsa kan saba da cutar daidai gwargwado. Za ta kama shi, amma sau da yawa da sauƙi take zuwa. Wannan sabo ba ya daɗewa. Da zarar mutum ya yi 'yan shekaru a inda babu cutar, sai ya zube. Yaran da aka haifa a nan kuwa ba su taɓa samunsa ba ko kaɗan. Sannan ku duba lokacin da muke zuwa: ƙarshen Yuli zuwa Agusta, tsakiyar damina, kwatoci sun cika, kududdufai sun kawo.

Kun san yadda abin yake. An yi sallar isha'i, an ɗauke wuta, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida ana hirar yaushe gamo. Yaro ɗan shekara shida yana kwance a cinyar kakarsa da gajeren wando, tana yi masa fifita. Uwarsa ta ce a shigar da shi gidan sauro, sai Hajiya ta ce, “Ke dai bar shi, ai ɗan gida ne, mu ma a haka muka raine ku.” Kunya ta hana ta musa wa uwar miji. Aka gama hutu lafiya, aka dawo. Bayan kwana goma jikin yaro ya yi zafi, aka ce mura ce ta canjin iska, aka ba shi farasitamol. Ko an kai shi asibiti, in ba a faɗa wa likita daga ina aka dawo ba, shi ma murar zai zata. Irin maleriyar da ke ƙasarmu kuwa ita ce mafi muni, cikin kwana biyu ko uku tana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Iyaye mata, ku daure. Hajiya za ta yi fushi ta huce.

Wannan abin da muke ɗaukowa ne mu cutar da kanmu. Akwai wanda ya fi shi nauyi, wato abin da ke fita daga garinmu ya shiga duniya, kuma Kano ta sha ganinsa.

Manya a cikinmu ba su manta 1996 ba. Sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, Saudiyya ta hana alhazanmu shiga a shekarar. Mutum ya sayar da gona ya biya kujera, ya yi sallama da dangi, aka ce ya koma gida. Cikin wannan annoba ne kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Saboda haka in kuka ji mutumin Kano yana ɗari-ɗari da allurar da ta fito daga waje, kada ku yi saurin kiransa jahili. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai dai ku ji inda zargin ya kai mu. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon shan inna, bayan maganar cewa yana hana haihuwa ta cika gari. Ba a ci gaba ba sai Yulin 2004, bayan an kawo ɗigo daga Indunisiya, ƙasar Musulmi da hankali ya kwanta da ita. Kafin nan cutar ta riga ta kama hanya. Ta ratsa Nijar da Chadi da Sudan, tsohuwar hanyar da kakanninmu suka bi zuwa Makka a ƙafa, ta tsallaka Bahar Maliya. A 2005 ta shanye ƙafafun yara sama da 400 a Yaman. Ta kuma isa ita kanta Indunisiyar, wadda ta shekara goma ba ta ga cutar ba, yara kusan 300 suka nakasa. Masana sun bi asalin ƙwayar, suka tarar daga arewacin Najeriya ta taso. 'Ya'yan Musulmi ne talakawa irin namu, iyayensu ba su taɓa jin sunan Kano ba.

Unguwarmu kuma ta biya da jini. Ranar Juma'a, 8 ga Fabrairun 2013, 'yan bindiga suka afka wa masu ɗigon shan inna a wurare biyu, ɗaya a Hotoro, ɗaya a wajen Unguwa Uku. Aƙalla mutum tara suka kashe, kusan dukkansu mata. Mata ne da ke bi gida-gida da akwatin ƙanƙara a kafaɗa da alli a hannu, suna sallama a zaure, wani gidan a karɓe su, wani a kore su, a kan alawus ɗin da bai taka kara ya karya ba. Allah ya jiƙan su da rahama. Bayan an yi zaman makoki, 'yan'uwansu mata suka sake ɗaukar akwatunan. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar shan inna ta kama a jihar Kano, a Sumaila ne, cikin Yulin 2014, sannan ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar babu ita a duk Afirka.

Kada ku ɗauka an gama. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha masu cutar, Asibitin Murtala ya cika da yara, galibinsu ba a yi musu allurar jarirai ba. Nan Ingila ma ba tsira ta yi ba. A 2022 an gano ƙwayar shan inna a ruwan bahayar Landan, har aka kira yara 'yan shekara 1 zuwa 9 a ƙara musu allura, ƙyanda kuma ta tashi a Bamingam a ƙarshen 2023. Yaron da bai cika alluransa ba zai iya ɗaukar ƙyanda a nan ya kai wa jaririyar ƙanwarki a Hotoro ranar suna. Kun kuma tuna Disambar 2021, da aka saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa saboda korona, mutane suka maƙale da iyalansu.

Abin yi ba shi da yawa. Ku ga likitanku tun da sauran mako shida zuwa takwas, ku tafi da jan littafin allurar yara a duba. Ta taifot da ta shan inna kyauta ake yin su, ta shawara ce ake biya, sau ɗaya kuma ake yin ta a rayuwa, kwana goma kafin tafiya. A yi allurar da gaske, ban da sayen kati; a Maris ɗin 2012 Afirka ta Kudu ta juyo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgi a kan zargin katin jabu. Maganin maleriya ana fara shi kafin a tashi, a ci gaba bayan an dawo har ya ƙare, mai juna biyu kuma kada ta tafi sai ta ji ta bakin likita. Masu niyyar Umara ko Hajji, allurar sanƙarau dole ce, kuma alhazan ƙasar nan suna cikin waɗanda suka dawo da cutar gidajensu a 2000. Duk wanda ya yi zazzaɓi bayan dawowa, ko da wata shida ne, farkon abin da zai faɗa wa likita shi ne: daga Najeriya na dawo.

Roƙona na ƙarshe ga iyayenmu maza ne. Ku ne kuke aika kuɗin makaranta da na asibiti, maganarku tana da nauyi a gida fiye da ta mai unguwa. In an turo muku murya a WhatsApp cewa allura makirci ce, kada ku tura wa kowa. In kuka sauka, bayan an gama rabon tsaraba, ku ce a ɗauko muku katin allurar kowane yaro da ke gidan ku gani da idonku. Wanda nasa bai cika ba, ku sa shi a mota da kanku zuwa asibitin sha-ka-tafi na unguwa, kyauta ne.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.